Takalmin Mai Agogo

Ranar Litinin da safe Sista ta buɗe firjin ƙaramin asibitin unguwa ta tarar babu kwalba biyu ta allurar masu ciwon suga, babu kuma shuɗin akwatin sanyin da ake ɗaukar magani a ciki. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, kwaɗo yana nan a rufe yadda ta bar shi ranar Asabar. Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi. Amma da ta fito baranda tana salati, sai Maigadi ya nuna mata ƙasa da bakin tocilarsa.

An yi yayyafi ranar Asabar, ƙasa ta yi laushi. Daga gindin matakala wani sawu ya shigo, ya kuma fita. Na dama takalmi ne irin na kowa, na hagu kuwa mai kauri ne, da ƙusa uku a dunduniya. Duk unguwar mutum ɗaya ne ya taɓa taka irin wannan takalmi, wato Mai Agogo, gurgun da ke gyaran agogo a bakin tasha. Shi kuwa Mai Agogo ya yi sati biyar a kabari.

Kafin rana ta ɗaga, baranda ta cika. Shekara biyu ke nan da gwamnati ta ware wa asibitin tallafi saboda marasa ƙarfi: tsofaffi, naƙasassu da masu ciwon da ba ya warkewa. Da shi aka sayi firji mai aiki da hasken rana, da shi ake kawo magani kyauta, da shi aka ɗinka wa Mai Agogo takalminsa. Sharaɗin ɗaya ne: sunanka ya shiga jerin, yatsanka ya shiga na'urar ɗaukar zanen yatsa. Mutum arba'in da ɗaya ne rayuwarsu ke rataye da allurar da ke cikin firjin nan.

Jami'in da ke kula da tallafin, wanda kowa ke kira Ɗan Ofis, ya iso a kan babur, ya saurari labari, ya kalli sawun sau ɗaya ya kau da kai. Sai ya zaro jan tef ya liƙe ƙofar firjin.

"Ba ni na rubuta dokar ba," in ji shi. "In abu ya ɓata, a rufe har a san wanda ya ɗauka. In aka kwana uku ba a sani ba, a kwashe firjin a kai wani asibitin."

Wata tsohuwa ta ce, "To ɗana, in mamaci ne fa?"

"Babu gurbin mamaci a takardata, Iya."

Mai Sawu yana ɗaure ƙafar kujera da waya a tsakar gidansa lokacin da Sista ta yi sallama. Shekara talatin ya yi yana bi wa 'yan sanda da masu shanu sawun ɓarayi, har ido ya fara gajiya ya ajiye aikin. Mutum ne da ba ya kallon fuska in ana gaisawa, ƙafa yake kallo, har wasu na cewa girman kai ne.

Matarsa na kwance a tabarma, ga butar ruwan sha kusa da ita, ta uku tun safe. Tana cikin mutum arba'in da ɗayan nan, kuma abin da ya rage a kwalbarta na kwana biyu ne. A wata guda ta rame, ta yi duhu, ko da yake ba ta fasa allurarta ba, abin da ke hana shi barci ke nan. Shekara ashirin da biyu ta yi tana yawon rigakafi gida-gida da akwati a kafaɗa, shi ya sa yake kiranta Likita, ko da yake takardar da take da ita ba ta wuce ta firamare ba.

"Baba, ni suke kallo," Sista ta ce, idonta ya yi ja. "Masu cewa fatalwa ce suna faɗa da ƙarfi, masu cewa ni ce suna faɗa a hankali."

"Na daina wannan aikin, 'yata."

"Daina dai," in ji matarsa daga kwance. "Mutumin da in kaza ta ratsa tsakar gida sai ya gaya mini ta gidan wa ce."

Ya kalle ta, ya kalli ƙaramar kwalbar da ke cikin randar ƙasa inda take ajiye ta. Tsoro ne ya tashe shi, ba son aiki ba. Yana neman hularsa ta ce, "Malam, in za ka bi, ka bi har ƙarshe. Kada ka tsaya a rabi."

Da ya isa asibitin ya kori mutane baya da sandarsa, ya durƙusa. Takalmin na Mai Agogo ne, wannan babu ja, ya san ƙusoshin nan uku. Amma ƙafar Mai Agogo ta hagu gajeruwa ce, kaurin takalmin ne ke daidaita shi, don haka sawunsa a shimfiɗe yake sauka. Wannan kuwa gefen waje yake nutsewa, yana karkata, kamar mai lafiyar ƙafa da aka ɗaura wa bulo. Takun gajere ne, ƙafar na yawo a cikin takalmin. A hanyar fita ɓangaren dama ya fi nauyi.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne hanyar da sawun ya bi. Daga matakala zuwa titi tafiya ce miƙaƙƙiya, taku sittin. Sawun bai bi nan ba. Ya manne da katangar asibiti, ya karkata zuwa gindin mangwaro, ya yanko ƙarƙashin rumfar mai walda, ya sake mannewa da bangon makaranta, sannan ya hau kwalta ya ɓace, daidai inda lungun maƙabarta ya fuskanto.

"Ka gani ko?" in ji mai walda, yana ja da baya daga rumfarsa. "Abin da ba mutum ba ne ba ya tafiya a miƙe. Komawa makwancinsa ya yi."

Mai Sawu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Amma ko shi da ya san mutum ne a cikin takalmin, sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Maigadi ya rantse da abin da zai kashe shi cewa bai runtsa ba.

"Ko kaɗan?"

"To, ido dai yakan lumshe don ya huta, amma kunne na aiki. Kuma wallahi, Malam, na ji ƙarar agogo a bayan ɗakin magani. Kas, kas, kas."

"Na hannunka fa?"

Maigadi ya kalli agogon hannunsa ya ja hannun riga ya rufe shi.

"Ƙarfe nawa kake zuwa?"

"Da magariba, in tashi da asuba. Ranar Lahadi da rana babu kowa, asibiti a rufe yake. Amma wa zai yi sata da rana tsaka?"

Sista ta ce makulli biyu ne. Ɗaya na jakarta, ɗayan kuma yana inda aka saba, a binne cikin bokitin yashin kashe gobara da ke rataye a baranda.

"Wa ya san wurin?"

"Ma'aikata kawai. Tun kafin a haife ni a nan ake ajiye shi." Ta rage murya. "Baba, akwai abin da ban gaya wa Ɗan Ofis ba. Wanda ya ɗauka ya haɗa da ƙanƙara huɗu ta akwatin, ya rufe firjin ruf. Kuma kwalaben gaba ya ɗauka, waɗanda kwanansu ya fi kusa ƙarewa, yadda ake koya mana. In na faɗa, ai na ɗaure kaina."

Ya kalli ƙafafunta, dogaye, takunta mai faɗi. Ba ita ba ce. Amma ƙafa ba hujja ce da Ɗan Ofis zai rubuta ba.

Wajen azahar hayaniya ta tashi a bakin kasuwa. Wani ya ga kwalaben allura a firjin Mai Kemis, tsakanin lemon kwalba da ruwan leda, matasa har sun fara jijjiga ƙofar shagon. Mai Sawu ya ratsa su da sanda. Mai Kemis, ƙato mai tumbi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya jera kwalaben a kan kanta.

"Duba da idonka, Malam. Na tallafi jan hatimi ne da su, nawa babu. Kuma dubi ƙafar nan tawa, ina za ta shiga takalmin marigayi? Ko babban yatsana ba zai shiga ba."

Gaskiya ce, ƙafar ta yi kusan biyun ta Mai Agogo. Matasan suka watse suna gunaguni, don an hana su abin da suka fito yi.

"Amma tunda an ambaci marigayin," in ji Mai Kemis yana share wuya, "wata biyu kafin ya rasu ya zo nan ya tambaye ni kuɗin kwalba ɗaya. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya tafi. Har yau ina tunani, mutumin da ake ba shi kyauta, me zai yi da farashi?"

Daga nan Mai Sawu ya shiga maƙabarta, don a daina cewa bai duba ba. Mutane suka tsaya a bakin ƙofa, babu wanda ya bi shi. Kabarin Mai Agogo yana nan lafiya lau, ciyawa har ta fara fitowa. Babu sawun komai a kusa sai na akuya da na kurciya.

Da la'asar ya dawo matakalar asibiti ya zauna, gwiwa na ciwo, hannu babu komai. Kwana ɗaya ya tafi. Yana ta lissafin abin da ya rage a kwalbar matarsa, idonsa a ƙasa kamar kullum, sai ya ga wani abu.

Da safe, lokacin da ya duba sawun, rana ce a kansa fetal. Yanzu rana ta juya yamma, inuwar katanga ta miƙe ta rufe shi. Ya tashi ya bi da ido. Inda inuwar katanga ta ƙare, ta mangwaro ta karɓa, daidai inda sawun ya karkata. Inda ta mangwaro ta ƙare, ta rumfar mai walda ta karɓa. Taku ko ɗaya bai faɗa rana ba, sai inda babu makawa, a nan kuma takun ya yi sauri.

Ashe ba cikin dare aka zo ba. Da la'asar ne, daidai wannan lokaci, kuma inuwa ake bi. Ɓarawo gajeriyar hanya yake nema, ba ruwansa da rana. Wanda ke bin inuwa haka, da akwati a kafaɗar dama, mutum ne da aka shekara ana gaya masa kada rana ta taɓa akwatin, har ƙafarsa ta haddace.

Wata murya ta faɗo masa, muryar da ta shekara arba'in tana jan hannun rigarsa a hanyar kasuwa: Malam, inuwa. Ya ture ta daga ransa da ƙarfi. Masu rigakafi da yawa suke a duniya.

Ya tsallaka kwalta. A wancan gefen lungun maƙabarta rana ce ƙwal. Inuwar da ke akwai ta doguwar katangar tsohuwar masaƙa ce, wadda aka rufe shekara goma sha biyar. Taku ashirin ya yi a gindinta ya ga ƙusoshin nan uku.

Bayan masaƙar akwai jerin ɗakunan ma'aikata na da. An cire ƙofofi da tagogi, ciyawa ta kai ƙugu, babu motsin komai, ko tsuntsu. Sawun ya ratsa ta tsakiya. Tun kafin ya kai ɗakin ƙarshe, mai labulen buhu, ya fara jin ƙarar. Kas, kas, kas, ba ɗaya ba, ba goma ba. Ya tsaya, ya karanta abin da ya zo bakinsa, sannan ya yi sallama ya ɗaga labulen.

Agogo ne a ko'ina, a bango, a kan akwati, a ƙasa, manya da ƙanana, kowanne da lokacin da yake nunawa, duk suna tafiya. A bakin ƙofa takalmin Mai Agogo ne a jere. A lungu mafi duhu shuɗin akwatin ne, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. A kan katifa kuma wata tsohuwa ce zaune, fararen idanunta na kallon gefensa.

"'Yar nan, ke ce?"

"Ni ne, Iya. Mai Sawu."

Sai yanzu ya gane ta. Mahaifiyar Mai Agogo ce, wadda kowa ya ce dangi sun tafi da ita bayan rasuwar.

"Wane dangi?" ta ce, ta yi 'yar dariya. "Mai ɗakin haya ne ya fitar da mu, ni da agogunan. Masu su ba su zo karɓa ba, ni kuma ina murɗa musu makulli kullum, kada su zo su tarar sun tsaya."

Ya tambaye ta akwatin. Maimakon amsa sai ta miƙo masa hannayenta. Ya riƙe su a hasken ƙofa. Yatsun sumul suke kamar bayan cokali, babu zane ko ɗaya.

"Shekara arba'in ina wankau da soda. Sau uku ɗana ya kai ni asibitin, sau uku na'urar ta ce babu kowa. Ciwonmu ɗaya da shi. Sai ya riƙa raba tasa biyu, yana ce mini an ƙara masa ne. Ban san ƙarya yake ba sai da ya faɗi a kan teburin aikinsa." Ta shafa agogon da ke cinyarta. "Bayan shi sai Allah ya kawo mini 'yar nan. Na sa ta rantse kada ta faɗa wa kowa ina nan, kada a kai ni gidan da ake tara tsofaffi a raba ni da kayan ɗana. Hannunta babu zafi, ko jin allurar ba na yi."

Bai tambayi sunan ba. Ya san hannun.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa inda ya bar ta, sai dai ta sa safa a ƙafa, cikin wannan zafi. Ya zauna a bakin tabarmar.

"Likita, sati nawa kina raba taki?"

Ta rufe ido. "Biyar. Jiya na ga in na ci gaba mu biyu za mu tafi, ni da ita. Kwalba biyu kawai na ɗauka, Malam. Ban san za a rufe wa mutane firji ba. Wallahi da na sani da na bari na mutu."

"Takalmin fa?"

"Na san kai za a kira. Ka fi sanin sawuna da fuskata. Na ce in na sa na marigayi, kai ba za ka gane ba, su kuma tsoro zai hana su bi." Ta buɗe ido. "Me ya tona ni?"

"Inuwa."

Dariya ta ƙwace mata, ta koma tari. "Kai, aikin banza. Ban ma san na yi ba."

Haushi ya cika shi, da tausayi, da wani abu mai kama da alfahari da bai so ya ji ba. Ya kama ƙafarta ta hagu zai cire safar, safar ta ƙi fita, ta manne. Sai da ya jiƙa ta da ruwan ɗumi. Takalmin mai kauri ya cinye gefen ƙafar daga ƙaramin yatsa zuwa tsakiya, naman ya buɗe, bakinsa ya fara baƙi.

"Ban ji komai ba," ta ce a hankali. "Ka san ƙafar mai suga. Sai da na dawo na ga jini."

Ita da ta shekara tana yi wa mutane faɗa kada mai suga ya sa takalmin da ba nasa ba. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya ji tsoron da bai taɓa ji ba a dajin ɓarayi.

Washegari da hantsi ya ce a tara kowa a barandar asibiti. Ɗan Ofis ya zauna da fayil a cinya da na'urar yatsa a gefe. Sista, Maigadi da Mai Kemis suna kan benci ɗaya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Masu karɓar allura sun cika tsakar wurin.

"Maigadi ba shi da laifi," in ji Mai Sawu, "ko da ya yi barci, kuma ya yi. Da la'asar aka shiga, kafin ya zo. Mai Kemis ƙafarsa ta wanke shi. Sista kuwa, takunta ɗaya biyun na mai takalmin ne. Mamaci kuma yana inda aka ajiye shi, na je na gani."

Ya yi musu bayanin inuwa, ya nuna katanga da mangwaro da rumfa. Sannan ya ɗaga hannu, mai walda ya turo keken guragu daga bayan gini. Tsohuwar na zaune a kai, akwatin a cinyarta, takalmin ɗanta a kan akwatin. Sai da Mai Sawu ya rantse mata babu mai taɓa agogo ko ɗaya kafin ta yarda ta fito. Wasu mata suka ja da baya suna salati, don a zatonsu tana can wajen dangi.

"Ranka ya daɗe, ga akwatinka, ga kwalba ɗaya da rabi. Kafin ka tambaye ni komai, sa yatsan baiwar Allah nan a na'urarka."

Ɗan Ofis ya sa. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Ya goge yatsan ya sake, ya gwada na hagu, ya bi goma ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ba ka jin komai sai ƙarar na'urar tana cewa babu kowa, ga kuma tsohuwa zaune tana numfashi a gabanta.

Mai Sawu ya faɗi yadda Mai Agogo ya mutu. Ɗan Ofis ya cire tabarau ya riƙe.

"Akwai takarda," ya ce. "Ta waɗanda yatsansu ba ya hawa. Shaidu biyu ne kawai da sa hannuna. Tana cikin durowata a ofis."

"Ba a taɓa aiko mana da ita ba," in ji Sista.

"Ba a taɓa tambaya ba."

Tsohuwar ta juyo da fararen idanunta wajen muryar ta ce, "Takarda ɗaya, ɗana?"

Ɗan Ofis ya daɗe yana kallon fayil ɗinsa. "Duk da haka sai na rubuta wanda ya buɗe ƙofar. In mai karɓar tallafi ne, doka ta ce a cire sunansa. Malam, wane ne?"

Shekara talatin Mai Sawu bai taɓa bin sawu ya kai ƙarshe ya ƙi faɗin mai shi ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

"Bar shi, ɗana, ba zai iya ba. Ni ce."

Matar Mai Sawu ce, tana tsaye a gindin katanga, a cikin 'yar inuwar da ta rage, ta dogara da tabarya, ƙafar hagu a naɗe da tsumma. Rabin mutanen da ke wurin ita ta ɗiga musu rigakafi suna jarirai.

Sista ta miƙe, ta buɗe babban littafin asibiti ta ajiye a gaban Ɗan Ofis. "Yallaɓai, sunan Mai Agogo bai fita daga jerin ba tukuna, ofishinku bai cire ba. Kwalba biyu aka aiko da sunansa wannan watan. Ga su nan a cinyar mahaifiyarsa."

Ɗan Ofis ya karanta layin sau biyu. Ya kalli tsohuwar, ya kalli matar da ke gindin katanga. Sannan ya yi rubutu yana faɗa a fili: kason marigayi ne, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ta kai wa iyalinsa ba tare da izini ba, an yi mata gargaɗi. Ya tashi da kansa ya yage jan tef ɗin.

"A canza wa makullin nan wuri," ya ce. "Mama, ke kuma zauna a duba ƙafar nan."

Sista ta warware tsumman. Mai Sawu bai kalli ƙafar ba, fuskar Sista ya kalla, kuma abin da ya gani a nan ya ishe shi.

Firjin bai tafi ko'ina ba. Takardar ta zo a cikin satin, aka samu mutum tara a unguwar da na'ura ta daɗe tana cewa babu su: masu wankau, magina, da wani tsohon maƙeri. An sama wa tsohuwar ɗaki a bayan shagon mai walda, da agogunanta duka.

Ƙafar kuwa ba ta warke ba. A babban asibiti aka yanke rabinta, aka ce an yi sa'a da ba a kai gwiwa ba. Wata huɗu tana kwance. Da ta tashi, tallafin ya ɗinka mata takalmi, na hagu mai kauri.

Ranar da ta fara fita ta ce ita za ta kai wa tsohuwar allura, shi ya ɗauki akwatin. Suka fito da la'asar, tana tafe a hankali, yana biye. Idonsa ya sauka ƙasa kamar kullum, yana neman sawun da ya shekara arba'in yana tarar da shi a ƙofar gida, a bakin rijiya, a hanyar kasuwa, sawun da ko cikin dubu zai tsince shi. Babu shi, kuma ba zai sake ganinsa ba. Wani baƙon sawu ne a gabansa, mai nauyi a hagu, sai ya fara koyonsa daga farko. Idonsa ya cika, har bai ga inda yake sa ƙafa ba.

Ta ja hannun rigarsa ba tare da ta juyo ba.

"Malam, inuwa."